Ɗinkin Bahago

Masarar da na samu a shekarar da maigidana ya rasu ba ta taka kara ta karya ba, amma da tattali za ta kai mu kaka. Mu a Ƙarfi ba a taɓa buhunan ƙuryar ɗaki sai damina ta yi nisa, lokacin da tiya ke tsada a kasuwar Malumfashi. Ni na auna da hannuna, ni na ɗinke bakin kowane buhu da basilla, na sa aka jera su a kan katako.

Ranar da na farke na farko, na zura kwano na ɗebo masara tas. Na sake zurawa, sai na ji ya daki wani abu. Daga rabin buhun zuwa ƙasa totuwa ce da yashi. Na farke na biyu, haka. Ban san lokacin da na faɗo tsakar gida ina salati ba. Ni dama ba a san ni da sanyin baki ba. A gaban matan maƙwabta na ce Allah ya isa tsakanina da wanda ya yi mini wannan, na kuma maimaita.

Ƙanin maigidana ya zo, ya duba, ya yi ƙwafa.

"Yaya, wannan ba aikin baƙo ba ne," in ji shi. "Juma'a bayan an sauko zan tara malamai a ja Yasin."

A wajenmu ba a wasa da wannan. Mun yarda duk ɓarawon da aka ja wa Yasin ba ya wanyewa lafiya, ko ya haukace, ko ciwo ya kwantar da shi har kabari. Na ce a ja, har na yi alkawarin ni zan yi wainar sadaka.

Da gida ya watse na koma ɗaki in ware sauran buhunan, a nan idona ya tsaya a kan ɗinkin. In na ɗinke buhu, zaren gefe ɗaya yake kwanciya. Waɗannan an sake ɗinke su da kyau, har sun fi nawa, amma zaren ya kwanta ta ɗaya gefen. Ɗinkin bahago ne. Bahago kuwa ɗaya ne a gidan nan, ni na haife shi.

Ɗan farina ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi doguwar hira da shi ba, haka aka tarbiyyantar da mu. Yana da mata da 'ya'ya a sashen da ubansa ya gina masa. Da yana acaɓa tsakanin Ƙarfi da Dayi, sai aka wayi gari babu babur, ya ce ya lalace. Na ga idanunsa sun fara ja, na ga yana barci har hantsi, matarsa ta daina haɗa ido da ni. An ce ƙwaya ce. Kunyar ɗan fari ta hana ni tambaya, ko kuwa tsoron amsar ne, ban sani ba.

Washegari ya zo gaishe ni, ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum. Na juya masa baya ina tankaɗe.

"Ka je ka ce wa Baffanka a fasa karatun nan."

"Don me, Inna?"

"Na duba ɗinkin buhunan."

Na saurara in ji kuka, ko rantsuwa, ko da ƙarya ce in samu abin riƙewa. Sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa:

"A bari a ja, Inna. Ai ni ma na gaji."

Ya tashi ya fita. Wallahi satar ba ta yi mini ciwo kamar wannan maganar ba. Na haifi mutum, na raine shi har ya zama uba, ga shi yana jiran malamai su ƙarasa masa abin da ya kasa yi da kansa.

In na faɗa wa Baffansa gaskiya, 'yan sintiri zai kira, a ɗaure shi a ƙofar mai unguwa, jikokina su tashi ana nuna su da baki. In na yi shiru, Juma'a tana tafe, kuma da bakina na amince. Na rasa wanda zan nemi shawara a wurinsa, don mai ba ni ita yana kabari.

Ranar Alhamis na yafa mayafi na tafi gidan ƙanin maigidana. Na ce masa ni ce. Na ce tun rani nake ɗiba ina sayarwa, ina cusa totuwa don kada yara su ga abinci ya ragu, sai na manta. Ya daɗe yana kallona.

"Yaya, kin manta?"

"Na manta, Malam."

Aka fasa karatu. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa gigin tsufa ya kama ni. Matan da na yi Allah ya isa a gabansu suka riƙa shigowa suna yi mini sannu da ƙarfi, kamar kurma. Na haɗiye. A kan sallaya kuma ina cewa na yafe, na yafe, amma ban san ko an karɓa ba, don zuciyata ba ta bin bakina.

Bayan sallar Juma'a, maimakon malamai, sai dattawan gidanmu suka zauna a zaure a kaina. Suka ce bai kamata a bar tsohuwa da nauyin abincin gida ba alhali ga babban ɗa namiji. Ƙanin maigidana ya shigo ya karɓi makullin ɗakin hatsi a hannuna cikin ladabi, ya miƙa wa ɗan farin nawa a gabana. Ya sa hannu biyu ya karɓa, bai ɗago kai ba.

Yanzu kullum da safe sai in aika a ce masa ya auno mana na tuwo. Wata rana a kawo, wata rana a ce bai tashi ba.