Mai Tsaron Gidan da Na Kusa Shafe wa Fuska

Shekara goma sha takwas na yi ina aiki a ɗakin adana tarihin al'umma da ke nan Lewisham a birnin Landan. Ranaku da yawa sun wuce ban riƙe su ba, amma akwai wata Talata a watan Fabrairu da har gobe ba ta fita daga raina. Ranar ce na ɗauki biro da hannuna na kusa goge wata baiwar Allah daga tarihin ƙasarta. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in miƙa makullai, ku da kuka zo bayanmu, to wannan za ku ji.

A lokacin ni mataimakiya ce a sashen hotuna. Sama da ni akwai shugabar sashe, Madam Suzan, wata doguwar Baturiya mai bin doka kamar ita ta rubuta ta. Council, wato hukumar unguwar, ta amince mu shirya nunin tarihin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta ƙasarmu, saboda yawan 'yan Nijeriya da ke unguwar. Kowa ya san kofunan da matan nan suka sha ɗaukowa a Afirka. Abin da aka manta shi ne farkon abin, lokacin da mace ke aron takalmin ƙanenta ta shiga fili, mutane suna yi mata dariya. Jaridun wancan zamani sukan kawo sakamakon wasa, amma ba kasafai suke damuwa da sunayen waɗanda suka buga ba.

Wata mata da mijinta ɗan jarida ne kafin ya rasu ta kawo mana kwalin hotunansa. A ciki akwai hoto ɗaya da ya fi kowanne: mata goma sha ɗaya a sansanin horo na farko-farkon ƙungiyar, layi biyu, mai tsaron gida ta durƙusa a gaba da ƙwallo a hannu. A bayan hoton an rubuta sunaye, amma ruwa ya ci su, huɗu kaɗai ke karantuwa. Shi muka zaɓa za a buga babba a bangon shiga.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan sashenmu ba bayani. Kowace fuska a hoto tana da katinta, kuma a katin akwai gida uku da ake yi wa alama: an tabbatar, ba a san ta ba, ko ta ƙi. Ba a sa sunan mai rai a bango sai ya sa hannu a takardar amincewa, sannan ya ba da bayanin kansa ko kuma shaidu biyu su bayar. Idan kuwa aka yi alama a gidan ta ƙi, magana ta ƙare. Ba a sake tuntuɓar mutum, kuma dole a mayar da fuskarsa dishi-dishi a hoton yadda ba mai gane shi. Dokar tana da kyau, don kare mutane aka yi ta.

Na kai kwafin hoton kasuwa ina nuna wa manya. Mama Hannatu, wata dattijuwa mutuniyar Kafanchan mai shagon kayan miya a bakin babban titi, tana ɗora ido ta ce, "Wannan mai ƙwallon ai Asabe ce! Cocinmu ɗaya. Tana Thamesmead, tana aikin tura gadajen marasa lafiya a babban asibitin Camberwell." Ta ba ni lambarta. Murna kamar in yi rawa a cikin shagon.

Saura kwana goma sha bakwai a miƙa allunan nunin ga masu bugawa, aiki ya yi mini yawa, kuma kun san ni da gaggawa. Ranar Talatar nan da safe na ɗaga wayar ofis na kira ta.

Na ce, "Anti Asabe ce? Sunana Binta, daga ɗakin tarihi. An ce kin buga wa ƙasa ƙwallo. Za ki iya zuwa ki ba mu statement ki sa hannu a form?"

Ta ce, "Wa ya gaya miki?"

Na faɗa mata. Ta ce, "A'a ƙanwata, ni ban yi wani abin da za a rubuta ba. Wasan ƙuruciya ne kawai. Ki nemi waɗanda suka yi abin kirki."

Na ce, "Wato ba ki yarda ba ke nan?"

Ta ce, "Ki bar shi kawai. Na gode."

Duka-duka minti biyu. Na ja tsaki, na yi alama a gidan ta ƙi, na aika katin zuwa teburin Madam Suzan, na wuce aikin gaba. Har ina mita a raina wai mutanenmu ba su san darajar tarihi ba.

Ranar Juma'a na biya shagon Mama Hannatu sayen kuka, ta tambaye ni yadda muka yi. Ina gama ba ta labari ta ajiye ledar da ke hannunta ta ƙura mini ido.

"A waya kika kira ta?"

Na ce, "E, Mama."

"Kin gaishe ta? Kin tambayi gida? Kin tambayi aiki da yara?"

Na ce, "A'a, Mama."

Ta ce, "Kai, Binta, Landan ta cinye ki! Ke da aka haifa a Kano. Babbar mace kamar Asabe za ki tare ba sallama ki ce ta buɗe baki ta lissafa miki abin da ta yi? Ke in aka ce ki tsaya ki yabi kanki a gaban baƙo, za ki yi? Ai ba ƙi ta yi ba, kunya ta ji. Ke ce ba ki da ta ido."

Ta wanke ni tas a gaban masu sayayya, kuma gaskiya ta faɗa. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Da na gaya mata abin da alamar da na yi take nufi, cewa za a shafe fuskar Asabe, sai ta dafe ƙirji ta ce, "Ki je ki gyara abin da kika ɓata."

Ranar Litinin na shiga ofishin Madam Suzan na roƙi a buɗe katin. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce wanda ya ce a'a ya riga ya ce a'a, kuma ba aikinmu ba ne mu yanke cewa mun fi shi sanin abin da yake nufi. Nan fa raina ya ɓaci, muryata ta ɗaga. Na ce mata ni ce na yi tambayar ba daidai ba, kuma amsar tambayar da aka yi ba daidai ba bai kamata ta rufe tarihin mutum ba. Na ce mata a wajenmu mutum ba ya faɗin alherin kansa, wani ke faɗa masa, kuma ko ita ta tsayar da ni a titi ta ce in ƙirga mata nawa, a'a zan ce.

Ta daɗe tana juya biro a hannu. Matar nan, Allah ya saka mata, ba ta taɓa karya doka ba, amma tana da kunne. Ta ce ta yarda in je wajen Asabe sau ɗaya, da sharaɗi uku: ba form, ba na'urar ɗaukar murya, kuma ba zan tambaye ta komai game da kanta ba. In ba Asabe ce da kanta ta buɗe ƙofar maganar ba, katin ya tsaya yadda yake. Ta rubuta dalilin a fayil ta sa hannu, wato in abin ya ɓaci ita za a tuhuma.

Ranar Asabar da azahar muka hau bas ni da Mama Hannatu zuwa Thamesmead, na riƙo daddawa da yaji a leda. Anti Asabe ta buɗe mana ƙofar flat ɗinta, mace ce mai faɗin kafaɗa da manyan hannuwa, ga furfura ta fara. Na rusuna na gaishe ta yadda ya kamata, na ce ni ce marar kunyar da ta kira ta a waya, ta yafe mini. Ta yi dariya ta ce ba komai. Muka tambayi gida, muka tambayi aiki, muka yi maganar sanyi da ciwon gwiwa, ta kawo tuwo da miyar taushe muka ci. Awa ɗaya da rabi ba wanda ya ambaci ƙwallo, ni kuwa a raina ina ta ƙirga kwanakin da suka rage.

Can sai Mama Hannatu ta ce, kamar abin ya faɗo mata ne, "Af, Binta na da wani tsohon hoto, akwai matan da ba ta sani ba a ciki. Ko za ki taimaka mata?"

Anti Asabe ta ɗauko tabarau ta sa. Ta kalli hoton. Ta ɗora yatsa a kan ta farko ta ce, "Titilayo. Ita ke yi mana waƙa a mota, muryarta kamar ta agwagwa amma ba ta yin shiru." Ta matsa. "Obiageli, ƙafar hagu, in ta buga sai ki ji tausayin ƙwallon." Haka ta yi ta bi ɗaya bayan ɗaya, suna da gari da hali. Matar da ta ce mini ba ta da abin faɗa ta yi awa biyu tana magana. Da yatsan ya zo kan mai tsaron gida sai ya tsallake. Na buɗe baki, Mama Hannatu ta mintsine ni a cinya, na rufe.

A kan wata siririya a ƙarshen layi ta tsaya. Ta ce wannan Kande ce, 'yar wajen Zariya, ita ta ɗinke musu rigunan da suka yage da allurarta, kuma ta rasu tuntuni ba wanda ya rubuta sunanta a ko'ina. Hawaye suka zubo mata, ni ma nawa suka biyo. Kafin mu tashi ta ba ni lambar Titilayo da ta Obiageli, ta ce su sun cancanci a sa su.

Da izinin Madam Suzan na kira su a gida Nijeriya, kuma wannan karon sai da na yi gaisuwa har ta ishe su. Kowacce ta taƙaita nata labarin. Amma ina ambatar Asabe, Titilayo ta yi ihu a waya. Ta ce ai a wasan gwajin da suka yi bayan hoton nan, Asabe da kumburarren wuyan hannu ta tsare gida, ta ɗaure shi da ɗankwali ta ƙi fita. Ta ce Asaben ce ke yi wa kowa kitso kafin wasa. Obiageli ma ta faɗi haka ba tare da ta san me ɗayar ta ce ba. Shaidu biyu sun cika, saura sa hannun mai ita. Na kai wa Madam Suzan takardun, ta karanta, ta ce matar da ta ba da lambobin waya da kanta ta buɗe ƙofa, in koma.

Ranar Laraba, saura kwana biyu, na koma Thamesmead. Bayan gaisuwa na ce, "Anti, ƙawayenki sun ba ni saƙo." Na karanta mata kalma bayan kalma. Ta sunkuyar da kai tana murza yatsu.

Ta ce, "Titi dai ba ta rabu da surutu ba."

Na ce, "Ƙarya ta yi, Anti?"

Ta ce, "A'a, ba ta yi ƙarya ba." Ta ɗago kai. "To, in dai su suka faɗa, ai ba ni na faɗa ba. Ina takardar taki?"

Ta sa hannu, da roƙo ɗaya: a rubuta sunan Kande tare da garinsu, ko wani nata zai gani wata rana. Muka yi mata haka.

Ranar buɗe nunin ta zo kai tsaye daga asibiti, kayan aiki a jikinta ta ɗora kwat a kai. Abokan aikinta uku suka biyo ta, mutanen da suka yi shekaru suna tura gado tare da ita ba su san ta taɓa tsaya wa ƙasa a raga ba. Ta tsaya gaban bangon tana kallon kanta tana budurwa, ga sunanta a ƙasa baro-baro. Zuciyata ta kasa riƙe abin, na matsa kusa da ita na ce, "Anti, akwai abin da ban gaya miki ba. Bayan wayar nan ta farko, saura kaɗan a shafe fuskarki daga hoton nan, kuma ni ce sila."

Ba ta ɗauke ido daga bangon ba. Ta ce, "Da kin shafe, da ban ce miki komai ba, Binta. Amma da ya yi mini ciwo har in mutu."

Na gode wa Allah da bai bar ni na ɗauki wannan alhakin ba. Na gode wa Mama Hannatu da ta zage ni a lokacin da zagin ke da amfani, da Madam Suzan da ta ɗora sunanta a kan kuskurena. Ku kuma da za ku gaji kujerar nan, ku sani cewa mutanen da za ku fi cutarwa a aikin nan su ne waɗanda ba za su taɓa kawo ƙara ba. Ku ajiye form, ku je da ƙafarku, ku yi gaisuwa har ta ƙare. In kuna son labarin mutum, ku tambaye shi na 'yan'uwansa, nasa kuma ku nema a bakinsu.