Takardar Shaidar da Ta Kayar da Ni

Da na yi ritaya daga aikin duba lafiyar motoci a Daura, zama ya gagare ni. In mota ta faɗi a hanyar Sandamu ko ta Babban Mutum, sai in hau babur da tef ɗin awo, in auna inda taya ta ja, in leƙa birki, in rubuta. Ba wanda ya sa ni, ba kuma hukumar da ke karantawa. Ana gama jana'iza dattawa za su zauna, a ce ƙaddara ce, a yafe wa direba, shi ke nan, rahotona ya koma takardar ƙunshe ƙosai.

Akwai wata kwanar hanya da ta ci mutane har na gaji da zuwa. Burina a gyara ta, amma wa zai saurari tsoho mai babur?

'Yata, wadda ke koyarwa a sakandare, ita ta gano mini a wayarta wata ƙungiyar duniya ta masu binciken haɗarin sufuri masu zaman kansu. Ta ce, "Baba, in suka karɓe ka, dole a ji maganarka." Ta karanto mini sharuɗɗa. Mai bincike ya nemi abin da ya jawo haɗari, ba wanda za a hukunta ba. Ya fitar da rahotonsa kowa ya gani. Kada ya zama a ƙarƙashin kowa. Sannan ya haɗo da shaidar aikinsa.

Shaida! Ai nan na fi auki. Wa ke zuwa gaban manya hannu rabbana? Na je wurin dagaci, na je wurin tsohon maigidana na ofis, na je wurin shugaban direbobin tasharmu, abokina tun ƙuruciya. Kowa ya rubuta mini takardar shaida ya buga hatimi. Shugaban tasha ya fi kowa zubawa: wai ni nasu ne, ban taɓa fitar da rahoto ba sai na kawo musu sun gani, ban taɓa kunyata direba ba. Wallahi da na karanta sai da na yi ƙwalla.

'Yata ta ce, "Baba, wannan ɗayar kada a saka ta."

Na ce, "Ke me kika sani? Ita ce ma za ta hau sama. Tura!"

Amsa ta zo cikin ladabi mai ban haushi. Sun gode, sun yaba, amma takardar shugaban direbobi ta nuna waɗanda nake bincike su ke duba rahotona kafin ya fita, don haka ban cika sharaɗin zaman kai ba.

Kai, na yi faɗa! Su wa? Sun taɓa tsugunnawa ƙarƙashin mota da tsakar rana, kwalta na ƙona musu gwiwa? Mutanen da ba su san darajar a ce kai ɗan gari ne ba! Kwana biyu ko gaisuwar 'yata da ƙyar nake amsawa, kamar ita ta rubuto.

Ranar kasuwa na wuce tasha in kai wa abokina ƙara. Ya saurare ni, ya yi dariya.

"Rabu da su, Malam. Ai gaskiya na rubuta. Ka manta motar shanun nan da ta kife a kwana? Ka ce birki ne, muka roƙe ka saboda yaran direban, ka mayar da shi laifin hanya. Wa zai yi mana haka in ba kai ba?"

Ban manta ba. Na dai daina tunawa ne. Kuma ba ita kaɗai ba ce, akwai wasu rahotannin da na goge birki daga cikinsu da hannuna, na ɗora wa kwana.

Na ce, "An gyara birkin kuwa?"

Ya ce, "Ana nan ana lallaɓawa."

Ya nuna mini motar da haɓa. Tana bakin ƙofar tasha, an gama lodi, mutane sun hau kan katako a saman shanu. Direban ya hango ni, ya ɗaga mini hannu biyu don girmamawa, ya ja mota ya nufi hanyar kwanar.