Ɗigon Jan Farce a Kan Shokozoba

Jawo kujerar nan ka matso, ka kife wayar tukuna. Labarin kawuna zan ba ka, wanda duk layinmu ake kira Kawu Ɗigo.

Tun yana saurayi aikinsa duba kaya ne a wani babban sito. Can ya koyi cewa kwali yana iya zuwa a liƙe tsaf, a buɗe a tarar da duwatsu. Ya yi ritaya, halin bai yi ba. In ka gaishe shi da fara'a da yawa, sai ya shafa aljihu. Sunan kuwa ga inda ya samo shi: duk abin da zai bar hannunsa ya je wurin gyara, sai ya ɗiga masa jan farce a wani lungu, ɗigo ɗaya mai 'yar jela, don kada a musanya masa. Kwalbar farko ta matarsa ce, Allah ya ji ƙanta. Da kwalbar ta ƙare, ya riƙa zuwa kanti yana saye da kansa, 'yan matan kantin suna ƙunshe dariya.

Abin da ya yarda da shi ɗari bisa ɗari a duniya ɗaya ne, motarsa. Tsohuwar motar tsere ce mai kujera biyu, koriya, mai dogon hanci, gajera har sai ka durƙusa kafin ka shiga. Ta girmi Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda take zaune da shi tana koyarwa a wata makaranta. Ba wanda ya taɓa riƙe sitiyarinta sai shi.

To, sai motar ta fara dawowa gida da tabo. Akwai wata kwana mai kaifi kafin gada, an jera duwatsu masu farin fenti a bakinta. Rannan ya goge gefen motar da ɗaya daga cikinsu. Ba a jima ba ya sake, wannan karon har da madubi. Auta ta tsaya a tsakar gida riƙe da fasasshen madubin.

"Baba, ka ba ni makullin nan. Duk inda za ka, ni zan kai ka."

"Ke da wa kuka shirya wannan maganar?"

"Ni da madubin nan."

"Motar ce," in ji shi. "Sifirin sun gaji. Ina karya kwana sai ta kishingiɗa kamar tsohuwa a kan tabarma. A gyara mata ƙafa, ki ga aiki."

Suka yi ta ja har aka tsaya a kan magana ɗaya: zai sabunta ƙafafun motar gaba ɗaya. In an gama ta sake taɓa wani abu, makulli ya zama na Auta.

Kawu bai yarda wani ya sayo masa kaya ba. Da kansa ya bi shaguna, yana juya kowane ƙarfe yana ƙwanƙwasawa. Ya sayo sababbin sifirin, gajeru masu tauri, da shokozoba huɗu masu shanye girgizar hanya, da robobi masu ƙarfi na gaɓoɓin ƙasa, da wata sandar ƙarfe mai kauri wadda take hana mota karkata a kwana. Ya baje su a kan tsohuwar jarida a falo, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da jan farce. Sai da suka bushe sannan ya kai su gareji.

Bakaniken mutum ne mai yawan raha, ya daɗe da sanin halin Kawu. Yana hango shi ya ɗaga murya:

"A ɓoye sifanu, ga hukuma ta iso! Baba, yau ma da kujerarka ka zo?"

Da ita ya zo. Ya kafa ta a bakin ramin da ake shiga ƙarƙashin mota, ya zauna. Duk noti ɗin da aka kwance sai an miƙo masa ya saka a gwangwani. In Bakanike ya shiga ɗakin kaya, Kawu ya miƙa wuya. In ya fito hannu a aljihu, Kawu ya yi gyaran murya.

"Baba, ƙaiƙayi nake yi, ba sata ba."

"Ban ce komai ba."

"Ai gyaran muryarka ta fi sammaci."

Aikin ya ɗauki kwanaki, don tsofaffin robobin sun manne da tsatsa, sai da aka sa musu wuta. Ana cikin haka wata rana da la'asar Auta ta biyo daga makaranta. Kawu ya zagaya bayi, ya dawo ya same ta tsaye da Bakanike suna magana ƙasa-ƙasa. Suna ganinsa suka yi shiru. Ashe tambayar Bakanike kawai take ko da gaske laifin motar ne, shi kuma ya ce sifirin dai sun gaji, sauran bai sani ba. Amma Kawu ya riga ya gama lissafinsa: an haɗa baki za a mayar masa da tsohon ƙarfe a wani wuri, motar ta sake karkata, a karɓe makulli.

Ranar da aka gama, motar ta zauna daram, ta ƙara yin ƙasa kaɗan. Bakanike ya danna hancinta da ƙarfinsa ya saki, ta dawo ta tsaya cak, babu lilo. Auta tana nan. Kawu bai ko kalli wannan ba. Ya karɓi tocila ya sauka ramin a hankali, ya ce zai gaisa da ɗigonsa.

Auta ta tsuguna a bakin ramin tana kallo. Kawu ya haska sifirin na baya, ya kai babban yatsa ya shafa kamar mai share ƙura, ya ce, "Ga shi." Ya matsa ga sandar ƙarfen, ya shafa, "Ga shi." Haka ya yi ta bi. Da ya zo shokozoban gaba na hagu sai aka sami matsala: ɗigon ya faɗa can sama, bayan sifirin, inda hannu ba ya kaiwa. Ya miƙa yatsa, bai isa ba. Ya haska, ya ƙura ido, ya karkata kai dama, ya karkata hagu.

"Na kama ku," ya ce. "Wannan ba nawa ba ne. Babu ɗigo."

Bakanike ya diro ramin yana dariya, ya leƙa, dariyar ta tsaya. Ɗigon yana nan, ja wur, tsakiyar hasken tocilar, da 'yar jelarsa.

"Baba," ya ce a hankali, "sake dubawa."

"Na duba! Kai da ita, tun ranar nan na gan ku."

Auta ta tattare zaninta ta sauko. Ita ma ta gani. Ta dubi ɗigon, ta dubi idon mahaifinta da ke kafe a daidai wurin, sannan ta dubi babban yatsansa. Sai yanzu ta tuna yadda yake shafa bakin kofi kafin ya zuba shayi, da yadda yake laluben ramin makulli da yatsa. Sauran ɗigon ma duk ba ganinsu ya yi ba.

Ba ta yi gardama ba. Ta ce da Bakanike, "Don Allah cire tayar nan." Aka ɗaga motar da jak, aka cire taya. Ta kama hannun Kawu kamar yadda ya riƙa kama nata tana ƙarama in za su tsallaka titi, ta kai shi bayan sifirin, ta ɗora yatsansa a kan ɗigon.

Ya ji tudun. Ya bi jelar. Ya sa farce ya kankara ya ji ko ɗanye ne, ya kai hanci ya sansana. Ya janye hannunsa ya ce, "Mayar da tayar. Ka ɗaure ta sosai, ina ji."

Da suka fito, ya zagaya motar ya buɗe ƙofar da bai taɓa shiga ta nan ba, ya zauna. Auta ta tayar. Da suka iso kwanar gada ta rage gudu, ya ce, "Taka mata, ba jaki ba ce." Ta taka. Motar ta shanye kwanar ko gezau, fararen duwatsun suka wuce can nesa.

"Kin ji ko? Ban ce miki sifirin ba ne?"

"Ka faɗa, Baba."

A gida ya karɓi makullin, ya ɗauko kwalbarsa, ya laluba ya ɗiga masa ja, ya hura har ya bushe, ya miƙa mata. Ya yarda ta kai shi wurin likitan ido, da sharaɗin zai ɗiga wa tabarau alama kafin kowa ya taɓa. Yanzu kullum da yamma za ka gan su sun wuce, ita a sitiyari, shi yana faɗa mata inda ta yi kuskure.

Sai dai Auta ta gaya min wani abu. Kwanan baya suna shan shayi, ya tambaye ta, kamar ba da wata manufa ba, wai jan farcen zamani minti nawa yake yi kafin ya bushe ƙarau, har ƙamshinsa ya tafi.

To kai da ka ji labarin, me ka gani? Kawu ya yarda da abin da yatsansa ya gaya masa, ko har yanzu yana jiran ranar da zai kama su?