Katantanwar Zelig

Zelig Pomerantz maƙwabcina ne a Cleveland, tela ne da ya ajiye almakashi bai ajiye baki ba. Tun da na san shi, duk bikin Hanuka na Yahudawa shi ke koya wa yaran unguwa wasan katantanwar katako mai haruffan Ibrananci huɗu. Yaran Turanci kawai suka sani, don haka da Turancin yake fassara musu, yana zaginsu a ciki. Ya fi son Shin, harafi mai kai uku. In ta faɗo kanta, sai ka zuba zabibi a tsakiya. Ma'anarta kuma "can", wato babbar mu'ujiza ta faru a can, ƙasar kakanni.

A bara mantuwa ta fara taɓa shi. Ya bar tukunya a wuta har ta ƙone, ya nemi tabarau alhali yana hancinsa. 'Yarsa Hinda ta samo masa ɗaki a gidan tsofaffi, ya ce sai dai a ɗauki gawarsa. Ni ina bayansa, don Hinda akwai son iya yi.

Da Hanuka ta zagayo, da yamma aka kunna kyandir a gidansa, ana soya dankali, ina gefe. Zelig ya murza katantanwar da surukinsa Gershon ya miƙo masa, ta faɗi. Ya duba, ya sake dubawa. Ya ɗauka ya juya ta kowane gefe.

"Baba, lafiya?" in ji Hinda.

"Ina Shin?"

"Wace Shin kuma? Yi wasa mana, jikoki na jira."

"Nun ga ta, Gimel, He. Wannan kuma Pe ce. Ko dama Pe ce ake sawa, ni ne...?" Ya juyo gare ni. "Kai, faɗa min gaskiya, dama haka take?"

Wallahi ni ma kaina ya ɗaure, har na fara shakkar abin da na sani tun ina yaro. Na kau da kai, wannan kuwa ya ƙarasa shi. Ya ajiye katantanwar a hankali.

"Hinda, ɗakin nan na gidan tsofaffi yana nan?"

Sai ga Gershon daga kicin da cokali a hannu, yana dariya. "Haba Baba! Daga Urushalima na sayo ta. Su ba sa cewa can, ai a gidansu abin ya faru. Pe suke sawa, wato nan."

"To da ba ka da baki ne, sakarai?" na ce, don raina ya ɓaci ƙwarai.

Kowa ya yi dariya har da Hinda, tana share ido. Zelig bai yi ba. Ya daɗe yana kallon 'yarsa, sannan ya jawo zabibinsa gabansa.

"To," ya ce, "ashe tafiyar ba yau ba ce."