Jirgin da Na Nutsar da Hannuna

Lokacin da abin nan ya faru muna cikin tsohuwar jihar Sakkwato. Ni masunci ne a bakin tafki wajen Wara, da ƙarfina, da jirgina na kaina, da zuciyar da ko Inna ta gaji da yi mata faɗa. Wani aminin mahaifina, ɗan kasuwar albasa da nake kira Baba, zai tafi kurmi ya daɗe, sai ya bar mini ajiyar jirginsa. Kowa a bakin ruwa ya san rana tana fasa katako, jirgin da ba a aiki da shi nutsar da shi ake yi. Na tuƙa shi zuwa wani lungu da babu igiyar ruwa, na cika shi da duwatsu, na kafa turke don in gane wurin. Ni kaɗai, ban kira kowa ba. Wa zai nemi shaida don ya kyautata wa uba?

Baba ya dawo ya tarar tafki ya cika maƙil, turke ya ɓace. Kwana uku muna nutso ba mu taɓa komai ba. Ya ce sayarwa na yi, ya kai ni gaban alƙali, ya kawo mutum biyu da suka ce sun gan ni ina tuƙa jirgin na nufi arewa. Kuma ba ƙarya suka yi ba! Aka yanke in ba shi nawa jirgin. Rashin jirgi bai ƙona ni kamar yadda mutane suka daina barin ko taru a hannuna ba. Na ɗaukaka ƙara.

Ana saura kwana biyu a zauna, ruwa ya ja baya, sai ga hancin jirgin cikin laka, duwatsuna na ciki yadda na jera su. Wayyo, nan na yi wautar da har gobe take ci na. Inna ta ce in bar shi inda yake in sanar da kotu. Ina! Na kira ƙannena muka zubar da duwatsun, muka wanke shi tas, muka ɗora a mota har ƙofar kotu, don in ga idon Baba.

Baba ya leƙa, ya ce lalle jirginsa ne, amma da na ga uwar bari na je na karɓo shi daga wanda na sayar wa. Alƙalin ya tambaye ni wa ya ga jirgin cikin laka ban da 'yan ɗakinmu. Ya ce hujjar da ta zo bayan hukunci ana iya dubawa, amma da na sanar, da ya tura ɗan aike da Baba kansa sun gani a wurin. Ba zai kama mutum da abin da ba a ba shi damar gani ba. Na ɗaga murya har aka ce in zauna. Hukunci ya tsaya: Baba ya riƙe nawa, ni in ɗauki nasa.

Yau na yarda alƙalin bai zalunce ni ba, ni na wanke shaidata da hannuna. In an ba ku ajiya ku kira mutane su ga inda kuka sa ta, in kuma gaskiyarku ta fito daga baya, kar ku taɓa ta sai abokin shari'a ya gani. Amma ban ci amana ba, kuma ban ba kowa haƙuri ba. An sha ce mini in kankare alamar Baba da ke jikin jirgin, na ƙi. Shekara da shekaru duk ranar kasuwar Yauri da shi nake zuwa, in ɗaure shi daidai inda Baba yake sauke albasa. Har ya rasu bai taɓa ɗaga kai ya dube shi ba.