Ranar da Ƙafar Kubura Ta Motsa

A unguwarsu ta bayan kasuwar Daura, in ka ce Sama'ila sai a tambaye ka wanne, in ka ce Mai Ɓeraye kowa ya san gidan. Shekara goma sha tara ya yi a ɗakin bincike na wata jami'a, aikinsa ciyar da fararen ɓeraye da wanke musu keji. Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye mu, ba sa raba mutum da abin da hannunsa ya taɓa. Da ya ajiye aiki ya dawo gida, bayan fara shari'ar Musulunci a jiharmu da shekara biyu, majalisar ƙofar masallaci ta karɓe shi da fara'a, amma in an kawo tuwo sai kowa ya tuna ya ƙoshi. Ya gane, ya daina zama. Abokiyar hira ɗaya ta rage masa, matarsa Kubura, wadda Allah bai ba su haihuwa ba.

Labarin ban dariya kawai yake ba ta na wurin aiki, sauran ya bar wa cikinsa. Ya sha ganin likitoci sun sa wa ɓera maganin barci sun yanke masa lakar baya, ƙafafun baya su mutu. Bayan 'yan makonni sai wutsiyar ta sanƙare ta nannaɗe, in ka shafa ta da yatsa ta fizga. Wannan sanƙarewar suke nema wa magani. Shi ke riƙe ɓeran in za a yi allura, shi ke matsa masa mara safe da yamma ya yi fitsari.

Wata damina babur ya kayar da Kubura a hanyar Mai'adua, tana dawowa daga suna. A asibiti aka ce laka ta taɓu. Wata biyu ƙafafunta na yashe kamar tsumma. Ran nan da hantsi yana goge mata jiki, sai ƙafar dama ta zabura ta harbi kwanon ruwa.

"Malam! Ka gani? Ta motsa!"

Kafin azahar gidan da ba a shiga ya cika da mata, ana guɗa ana barka. Yayanta Ya'u ya taso daga Zango da gero, aka daka gumba aka yi sadaka. Sama'ila ya amsa barkar kowa, sannan ya zaga bayan ɗaki ya yi kuka. Ya san wannan motsin. Bai taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, ga gida cike da mutane.

Da suka koma asibiti aka ba su ƙwayoyin da ke sassauta tsoka. Kubura ta sha kwana uku, ta ga motsi ya ragu, ta ce ita da su har abada. Ya'u ma ya goya mata baya.

"Sama'ila, ƙafa ta fara farfaɗowa, kai kana ɗura mata abin da zai kashe ta? Ka ji tsoron Allah. Ƙanwata ba ɓera ba ce."

Ƙafafun kuwa suka ci gaba da lanƙwashewa, gwiwoyi suka manne har fata ta fara saɓulewa, zama a keken guragu ma ya gagara. In suka fizga sai ta cije leɓe, zufa na keto mata, ta ce alhamdulillahi. Kullum Sama'ila yana cewa gobe zai faɗa mata. Sai da goben ta kai wata guda.

Wata safiya ya kasa raba gwiwoyin ya wanke gyambon. Ya ajiye tsumma ya zauna a bakin gado.

"Kubura, ɗaga mini yatsa ɗaya. Ke da kanki."

Ta zuba wa ƙafar ido, ta yunƙura har jijiyar wuyanta ta fito. Babu abin da ya motsa. Ya shafa tafin ƙafar, nan take ta harba.

"Kin gani? Ba ke take ji ba. Tsoka ce take tsalle ita kaɗai, saƙonki ba ya isa gare ta. Maganin nan ba zai tashe ki ba, amma zai bar ki ki zauna, ciwon nan ya warke."

Ta ɗago ta dube shi.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar gumba."

"Ɓerayen naka, nawa suka tashi?"

Ya so ya yi mata ƙarya, wallahi ya so. Ya ce, "A gabana dai, ko ɗaya."

Ta miƙo hannu, ya sa mata ƙwayar, ta haɗiye ba ruwa ta juya fuska bango.

Ya'u bai sake taka gidan ba, matan barka ma suka ɗauke ƙafa. Bayan sati biyu Sama'ila ya kama ƙafar zai miƙar kamar kullum, sai ta biyo hannunsa a hankali har ta miƙe sambal. Farin ciki ya kama shi, ya ɗago zai yi mata albishir. Ya tarar ita ma ƙafar take kallo, tana jira ko za ta harba. Suka jira tare.

"Malam," ta ce, "rufe mini su da zane."