Kabarin da Aka Bari a Kwamfuta

Duk shekarun da na yi a aikin safiyo, wato awon filaye, a Jimeta, rana ɗaya ce ta ƙi fita daga raina. Ni lebura ne, ban yi boko ba. Aikina ɗaukar na'ura da kafa turke.

Da damina aka tura mu bayan Girei, inda za a yanka filaye. Ga ƙa'idar aikin: gona a zagaye ta, hanya a bi ta, rijiya ko kabari a tsaya a danna na'ura, ya fito ɗigo a taswira.

A wata gona muka tarar da Mama Saratu, tsohuwa, 'yar kudancin jiha. Kabarin mijinta na nan a gindin tsamiya, don su ba sa kai nasu maƙabarta. Ta riƙe hannuna.

"Ɗana, gonar ku ɗauka. Shi fa?"

Na tsaya gefen kabarin na danna. Na ce, "Mama, ya shiga taswira. Ba mai taɓa shi."

Bayan kaka katafila ta share wurin, har da tsamiyar.

Na shiga ofis ko sallama babu. Malam Bello, mai haɗa taswira a kwamfuta, ya nuna min ɗigon yana nan. Ya ce irin fayil ɗin da ɗan kwangilar share filin ya nema abu iri ɗaya yake ɗauka: filaye daban, hanyoyi daban, ɗigo daban. Dole a raba uku. Na filaye kawai aka tura.

"Wa ya tura?"

"Baba Audu, ba laifin kowa ba ne. Haka fayil ɗin yake."

"Fayil ɗin ne zai je ya gaya mata?"

Oga ya ce tunda ni ta sani, ni zan je. Ko mota ba su ba ni ba.

Na same ta tsaye tsakiyar jar ƙasa, tana ta dube-dube. Ba ta zage ni ba. Da zagin ta yi, da ya fi min sauƙi.

"Ɗana, nuna min inda yake. Na kasa ganewa."

Washegari na ɗauko na'urar ba tare da izinin kowa ba. Ta kai ni daidai wurin, na kafa mata turke. Iyakar amfanin da ɗigon ya yi ke nan.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, in za a tura taswira, ku tsaya a kai sai duka ukun sun tafi. Kafin nan kada ku ce wa kowa kabarin nasa ya shiga. Mai turawa daga ofis ba ya ganin fuskar mai kabari. Wanda ya taka gonar ake aikawa.